Babi na Shida: Izmir, Lardin Ruwan Zafi da Tsofaffin Birane

A gaɓar Ilija, kusa da garin Ceshme a yammacin Turkiyya, akwai wani lungu a jikin duwatsun da aka jera don tare igiyar teku, wanda ba ya rabuwa da mutane ko da tsakiyar hunturu ne. Tsofaffi maza da mata sukan tuɓe rigunan sanyi su ajiye a kan dutse, su lallaɓa su shiga ruwa zuwa ƙugu, su zauna a jere suna hira. Baƙon da ya hango su daga nesa zai ɗauka jarumtaka suke nunawa. Sai ya tsoma ƙafarsa zai gane dalili: ruwa mai zafi ne yake ɓullowa daga ƙarƙashin yashi da tsakanin duwatsu, yana garwayuwa da ruwan teku mai sanyi. Taku ɗaya zuwa dama, ɗumi mai daɗi. Taku biyu zuwa hagu, sai mutum ya zabura ya janye tafin ƙafarsa. Kowa da gurbinsa, kuma wanda ya riga zuwa shi yake kama wuri mai kyau.

Ceshme ɗaya ce daga cikin gundumomi 30 na lardin Izmir, wanda ya miƙe a bakin Tekun Ijiyan yana fuskantar tsibiran Girka. Mutanen lardin sun haura miliyan 4, babban birninsa kuma shi ne na uku a Turkiyya bayan Istanbul da Ankara. Yawancin masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don kufan Afisa, su ɗauki hoto a gaban tsohon ɗakin karatu, kafin la'asar sun koma jirgin ruwansu. Waɗannan sun ga duwatsu, amma ba su ga abin da ya kafa biranen ya kuma kayar da su ba. Ruwa ne ya yi aikin biyu: na zafi da yake tasowa daga ƙasa, da na koguna da yake gangarowa da laka, da kuma wanda ɗan Adam ya datse da hannunsa.

Dalilin zafin ba ɓoyayye ba ne. Ɓawon ƙasa a yammacin Anatoliya yana miƙewa sannu a hankali, yana tsagewa, har ya samar da dogayen kwaruruka irin na kogin Gediz da na Kucuk Menderes. Ruwan sama yana zurarewa ta waɗannan tsagogi zuwa can ƙasa inda duwatsu suke da zafi, ya ɗumama, ya narko da gishiri da farar wuta da sauran ma'adinai, sannan ya sake hawowa. A bakin gaɓa kuwa ruwan teku ne da kansa yake shiga ya fito, shi ya sa na Ceshme yake da gishiri a baki. Wanda ya taɓa yin wanka a Wikki da ke Yankari ya san ruwa mai digiri 31. Na wasu idanun Ilija yana haura digiri 50, don haka ba a shigarsa sai an sirka.

Sai dai tsagar da take ba da ruwan ita ce take motsi. Ranar Juma'a 30 ga Oktoban 2020, da misalin ƙarfe uku saura na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki kusan 7 ta tashi daga ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Samos. Benaye suka rufta a unguwar Bayrakli, ruwan teku ya hauro titunan Sigajik, mutum 117 suka rasu a ɓangaren Turkiyya. An zaro wata yarinya 'yar shekara uku da rai bayan awa 91 a ƙarƙashin gini. Mutanen Izmir sun san ba wannan ne karon farko ba. A wajajen shekara ta 178 Miladiyya, lokacin ana kiran birnin Simirna, girgiza ta share shi kusan ƙaf. Wani mashahurin mai jawabi, Aliyus Aristidis, ya aika wa Sarkin Rum Markus Awreliyus wasiƙa mai sosa zuciya, sarkin ya ba da umarnin sake gini. Tsohuwar kasuwar da ake shiga kallo yau a tsakiyar birni, mai bakunan gini a ƙarƙashin ƙasa da ruwa yana gudana a magudanarsu, daga wannan aikin ta fito. A riƙe sunan Aristidis, domin mutum ne mai yawan ciwo, kuma za a sake cin karo da shi a duk inda ake neman lafiya a lardin.

Maɓuɓɓugar da ta fi suna ita ce ta Balcoba, tafiyar kilomita 10 ko makamancin haka yamma da tsakiyar Izmir, a gindin wani tsauni mai itatuwa. Tun zamanin Rumawa ake danganta ta da Agamemnon, jagoran Girkawa a yaƙin Taruwada. Labarin da aka gada ya ce rundunarsa ta yi ɓatan hanya, ta sauka a wata ƙasa da ba ita ta nufa ba, aka gwabza, aka jikkata mutane da yawa, sai bokansu ya ce a kai masu rauni wannan ruwa. Tatsuniya ce, amma ta nuna cewa kusan shekara dubu biyu da suka wuce an riga an ɗauki wurin tsohon wurin jinya.

Tarihin Balcoba na zamani ya fi tatsuniyar ban sha'awa. A 1963 hukumar binciken ma'adinai ta Turkiyya ta haƙa rijiyar zafin ƙasa ta farko a duk faɗin ƙasar a nan, kuma a zurfin mita 40 kacal aka tarar da ruwa da tururi masu digiri 124. Daga 1996 aka fara jan wannan zafi ta bututu zuwa gidaje. Ruwan rijiyar ba ya shiga ɗakin kowa. Yana ratsa wata na'ura ne inda yake miƙa zafinsa ga ruwa mai tsabta, wannan shi yake zagaya gidaje, shi kuma na asalin a sake tura shi ƙasa don kada rijiyar ta ƙafe, kada kuma gishirinsa ya lalata gonaki. Yau dubun-dubatar gidaje a Balcoba da Narlidere da haka suke ɗumama ɗakuna, ba gawayi ba iskar gas. A Dikili da ke arewacin lardin, da irin wannan ruwa ake ɗumama manyan rumfunan gilashi ana noman tumatir a watan Janairu.

Cibiyar jinya ta Balcoba ta shahara har ƙasar Norwe ta daɗe tana turo masu amosanin gaɓɓai su yi makonni ana gasa musu jiki, ana motsa musu gaɓɓai a cikin ruwa. A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da takardun talla ba sa faɗa. Ruwan zafi yana sassauta jijiya, yana rage raɗaɗi, yana kuma ɗauke wa gwiwa da ƙugu nauyin jiki har mai ciwo ya iya motsin da ba zai iya a tudu ba. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma allunan da suke jera cututtuka goma sha, daga ƙoda har rashin haihuwa, ciniki suke nema. Likitocin wuraren ma sukan taƙaita zama a kwatamin zafi zuwa minti 15 ko 20, su kuma gargaɗi masu ciwon zuciya da masu hawan jini da mata masu juna biyu. A Shifne, 'yar tafiya daga Ilija, laka ake shafawa tun daga goshi har dunduniya, a tsaya a rana ta bushe ta tsattsage, sannan a wanke. Ko ta gyara fata ko ba ta gyara ba, dariyar da iyalai suke yi wa juna a wannan hali ta isa kuɗin shiga.

Ceshme tana da tarihin da ba na wanka ba. Ganuwar da take kallon tashar jiragen ruwa an gina ta a 1508, zamanin Sarki Bayazid na Biyu. A watan Yulin 1770 jiragen yaƙin Rasha suka rutsa rundunar ruwan Daular Usmaniyya a cikin wannan matsattsen mashigi, suka turo ƙananan jirage da aka cinna wa wuta, kafin gari ya waye kusan duk rundunar ta ƙone. Cikin waɗanda suka tsira akwai Hasan Fasha, wanda daga baya ya zama shugaban sojojin ruwa ya sake gina rundunar. Mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar ganuwar tare da zakin da ya riƙa kiwo.

Birnin Izmir kansa ba ya nuna shekarunsa, kuma wuta ce sanadi. Sojojin Girka sun sauka a nan a watan Mayun 1919, na Turkiyya suka karɓe birnin ranar 9 ga Satumban 1922, kwana huɗu bayan haka gobara ta tashi ta cinye unguwannin Armeniyawa da na Girkawa. Har yau ɓangarorin ba su daidaita kan wanda ya cinna ta ba. Abin da ya tsira shi ne tsohuwar kasuwar Kemeralti, mai lunguna da masallatai da masauƙin fatake na Kizlaragasi da aka gina a 1744, inda ake dafa gahawa a cikin kofin da za a sha ta. Hasumiyar agogo ta dandalin Konak, mai tsawon mita 25, an kafa ta a 1901 don cikar Sarki Abdulhamid na Biyu shekara 25 a kan mulki.

Kimanin kilomita 80 kudu da birnin, kusa da garin Selcuk, nan Afisa take, wadda Turkawa suke kira Efes. A zamanin Rumawa ita ce hedikwatar lardin Asiya, kuma tashar jiragen ruwa ce ta ɗaga ta. Mai ziyara yakan shiga ta ƙofar sama ya gangaro kan titin marmara da ƙafafu suka goge har yana santsi. A ƙarshen gangaren ɗakin karatu na Selsus yake, wanda wani ɗa ya gina a farkon ƙarni na 2 a kan kabarin mahaifinsa, tsohon gwamnan lardin. An ƙiyasta ya ɗauki naɗaɗɗun littattafai 12,000. Fuskar ginin da ake gani a hotuna a warwatse aka same ta a ƙasa, masana daga Ostiriya suka harhaɗa ta tsakanin 1970 da 1978. Ostiriyawan suna tono a Afisa tun 1895, kuma har yanzu akwai unguwanni da yawa a binne. Hukumar UNESCO ta sa wurin a jerin kayan gadon duniya a 2015.

Kafin a kai ɗakin karatun, a hannun dama, akwai wani ɗaki da ya fi kowane faɗa wa mutum yadda aka rayu. Bayan gida ne na jama'a. An zagaye bango uku da benci na marmara mai ramuka a jere, ba shamaki tsakanin wannan da wancan. A ƙarƙashin bencin akwai babbar magudana da ruwa yake wankewa ba dare ba rana, a gaban ƙafafun masu zama kuma akwai siririyar kwata mai ruwa mai tsabta. Ruwan daga gidan wankan da ke maƙwabtaka yake gangarowa, wanda wata mata Kirista mai suna Iskolastika ta gyara da kuɗinta a ƙarni na 4. Mutum-mutuminta yana nan zaune a bakin ƙofa, ba kai. Wankan Afisa ba na maɓuɓɓuga ba ne. Bayi ne suke hura wuta a murhu, iska mai zafi ta bi ta ƙarƙashin daɓen da aka ɗaga a kan ƙananan ginshiƙai na bulo, ta hau ta cikin bango. Wannan dabara ce ta bi ta hannun Rumawan Gabas ta isa ga Turkawa, ta zama gidan wankan da suke alfahari da shi.

Daga gindin babban gidan kallo, mai ɗaukar mutum kusan 25,000, wani titi mai faɗin mita 11 ya miƙe sama da rabin kilomita zuwa tashar jirage. Da dare har fitilu ake kunna masa. Wanda ya bi shi yau, fadama da ciyayi zai tarar, teku ta ja da baya fiye da kilomita 5. Kogin Kucuk Menderes ne ya yi ta zubo da laka shekara da shekaru. Mutanen Afisa ba su naɗe hannu ba. Wani sarkin Bergama, Attalus na Biyu, ya gina katanga a bakin mashigin don ya zurfafa shi, sai aikin ya juye, katangar ta hana igiyar teku kwashe lakar. A zamanin Sarki Nero an yi yashe. A ƙarni na 2 wani gwamna ya kafa dokar hana yankan dutse da jibge katako a bakin tasha, saboda ƙurar marmara tana ƙara cike ta. Duk da haka kogi ya yi nasara. Jirage suka daina shigowa, fadama ta kawo sauro da zazzaɓi, jama'a suka tattara suka koma kan tudun Ayasuluk, inda Selcuk take yanzu.

A gefen hanyar Selcuk akwai wani fili mai dausayi da ginshiƙi ɗaya tak a tsaye, shamuwa sun yi sheƙa a kansa. Wannan ne ragowar haikalin Artemis, ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, wanda aka ce yana da ginshiƙai 127. Wani Bature ɗan Ingila, John Turtle Wood, ya shafe shekara shida yana haƙa kafin ya gano shi a ƙarƙashin laka a 1869. Daga inda ginshiƙin yake, ido ɗaya yana kama masallacin Isa Bey, da kufan cocin Yahaya da Sarki Jastiniyan ya gina a ƙarni na 6, da ganuwar da ke kan tudu. Masallacin an gina shi a 1375, zamanin masarautar Aidin. Magininsa ɗan asalin Dimashƙa ne, tsarin ginin ma yana kama da babban masallacin can, manyan ginshiƙan da suke riƙe da rufinsa kuwa daga kufan Afisa aka ɗauko su.

Matafiyin nan Ibn Battuta ya ratsa yankin a farkon shekarun 1330, kafin a gina masallacin. Ya sauka a Birgi wajen sarkin Aidin, wanda ya nuna masa wani baƙin dutse da ya faɗo daga sama, aka sa masu fasa dutse suka yi ta dukansa da guduma bai ko tsage ba. Ya wuce Ayasuluk, ya isa Izmir ya same ta mafi yawanta kango. Shi ne dai mutumin da bayan shekara ashirin ya isa Takedda, ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa tagulla, wadda masana da dama suke ganin Gobir ce. A Birgi kuma kabarin Imam Birgiwi yake, mai littafin Aɗ-Ɗariƙatul Muhammadiyya, wanda ya rasu a 1573.

A bayan tsaunin da gidan kallon Afisa ya jingina da shi akwai kogon da ake cewa na As'habul Kahfi ne. Kiristocin yankin sun daɗe suna ba da labarin samarin da suka guje wa Sarki Dakiyanus a tsakiyar ƙarni na 3, kuma da aka tona wurin a ƙarshen shekarun 1920 an sami coci da ɗaruruwan kaburbura na mutanen da suka so a binne su kusa da samarin. Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba. A Turkiyya kaɗai, Tarsus da Afshin suna da nasu kogon, akwai kuma wani kusa da Amman a Jodan. Mai ziyara ya kalli na Afisa a matsayin shaidar daɗewar labarin a wannan ƙasa, kada ya bar ɗan jagora ya rantse masa. Can a saman tsaunin Bulbul kuma akwai ɗan ƙaramin gidan dutse da aka gano a 1891, wanda ake dangantawa da Nana Maryam. Fafaroma uku sun ziyarce shi, a 1967 da 1979 da 2006, Musulmin Turkiyya ma suna zuwa.

Wanda yake son ya fahimci dangantakar ruwa da magani a wannan lardi sai ya juya arewa, kilomita 100 da ɗoriya daga Izmir, zuwa Bergama. Tsohon birnin yana kan tsauni mai tsawon sama da mita 300. Sarakunansa sun tara ɗakin karatu da aka ce ya kai littattafai 200,000, sun inganta rubutu a kan jemammiyar fata, sun sassaƙa gidan kallo mai ɗaukar mutum 10,000 a jikin gangaren da idan mutum ya tsaya a layin sama sai jiri ya ɗebe shi. Sun kuma jawo ruwa daga tsaunin Madra, tafiyar fiye da kilomita 40, suka sa shi ya gangara kwari ya sake hawa tudu a cikin bututun dalma da ƙarfin matsinsa kawai. Na ƙarshensu, Attalus na Uku, ya yi wasiyyar masarautar ga Rum a shekara ta 133 kafin Miladiyya. Shahararren bagadin birnin ba ya nan. Wani injiniya Bajamushe, Carl Humann, ya fara tono shi a 1878, aka kwashe sassaƙaƙƙun duwatsun zuwa Balin da izinin Daular Usmaniyya. Harsashi da itatuwa biyu-uku ne suka rage a gurbin.

A ƙasan tsaunin asibitin yake, wanda ake kira Askilifiyon da sunan abin bautarsu na waraka. An kafa shi a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya kai ƙololuwa a ƙarni na 2 bayanta. Mara lafiya yakan taho ta wani dogon titi mai ginshiƙai, a duba shi a ƙofa. Ƙa'idar irin waɗannan wurare ita ce ba a karɓar wanda yake gargara ko mace mai naƙuda, dabarar da ba shakka ta taimaka wa sunan asibitin. Wanda aka karɓa sai ya yi wanka, ya sha daga tsarkakakken ido da har yau yake tsiyaya a tsakar filin, sannan a bi da shi ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 70 da wani abu. Rufin hanyar yana da ƙananan tagogi da haske yake saukowa ta ciki, ruwa kuma yana gangarowa a gefen matakala da wata 'yar ƙara mai kwantar da hankali. A ƙarshenta akwai zagayayyen gini inda ake jinya. Majinyaci yakan kwana a harabar, da safe ya faɗi mafarkinsa, malaman wurin su fassara shi zuwa magani: azumi, ko tausa, ko wankan laka, ko sauya abinci. Akwai ɗakin karatu, da gidan kallo mai kujeru 3,500, domin a ganinsu nishaɗi ɓangare ne na jinya.

Aristidis ya zauna a nan kusan shekara biyu, kuma ya rubuta abin da aka sa shi ya yi dalla-dalla. An umarce shi ya faɗa kogi da tsakiyar hunturu. An sa shi ya shafe jikinsa da laka ya zagaya haikali a guje cikin iska mai sanyi. Ya yi, ya kuma rayu har ya haura shekara sittin yana ƙorafin ciwo.

A wannan gari aka haifi Jalinus a shekara ta 129. Yana ɗan shekara 28 aka naɗa shi likitan mayaƙan da ake haɗawa faɗa don nishaɗin jama'a, kuma raunukansu ne suka ba shi damar ganin tsoka da jijiya a jikin mai rai. Daga baya ya tafi Rum ya zama likitan Markus Awreliyus. A ƙarni na 9 Hunainu ɗan Is'haƙu da almajiransa suka fassara littattafansa sama da 100 a Bagadaza, daga nan ilminsa ya shiga hannun Ar-Razi da Ibn Sina. Ba su karɓa ido rufe ba: Ar-Razi ya rubuta littafi kan shakkunsa game da Jalinus, Ibn Nafis kuma a ƙarni na 13 ya gyara masa kuskure kan yadda jini yake ratsa huhu.

Kilomita 18 arewa maso gabas da Bergama, a da akwai wani wurin wanka da mutanen ƙauyuka suke kira Fasha Ilijasi, ruwansa yana haura digiri 40. A 1998, saboda aikin madatsar ruwa ta Yortanli don noman rani, aka tura masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Ahmet Yarash su ceto abin da za su iya. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Cikakken garin jinya ne na zamanin Rumawa: gidan wanka da bangayensa suka tsaya har hawa biyu, daɓe mai ado da ƙananan duwatsu masu launi, tituna masu ginshiƙai, gada, da ɗaruruwan kayan fiɗa na ƙarfe. A lokacin, kwatamin wankan yana nan da ruwansa mai zafi a ciki. Masu tonon suka ce wannan ne Alliyanoi, wurin da Aristidis ya ambata cewa ya je neman lafiya. Irin waɗannan wurare da suka tsira da ruwansu da gininsu ba su da yawa a duniya.

Aka shiga kotu, aka yi zanga-zanga, ƙungiyoyin kare kayan tarihi na Turai suka rubuta wasiƙu, har mawaƙin nan Tarkan ya sa baki. A ɗaya gefen kuma manoman kwarin Bakircay suna jiran ruwan da aka yi musu alkawari tun shekaru, kuma buƙatarsu ta gaskiya ce. An kawo shawarar a zagaye wurin da katanga, ba a bi ta ba. A 2010 aka binne kufan da yashi da sunan kariya, a farkon 2011 ruwan madatsar ya rufe shi, alhali mafi yawan garin ba a ma tona ba.

Hukunci ne na gaggawa, kuma lardin da yake tallata kansa da ruwan zafi da tsofaffin birane ya yi asarar wuri guda da ya haɗa su biyun a kwatami ɗaya. Shekara uku bayan haka, a 2014, UNESCO ta sa Bergama a jerin gadon duniya. Abin da aka ceto daga Alliyanoi, har da mutum-mutumin marmara na wata aljanar ruwa da aka tsamo daga cikin gidan wankan, yana gidan adana kayan tarihi na Bergama, a kan babban titin garin. Motocin 'yan yawon buɗe ido sukan wuce shi su nufi tsauni kai tsaye. Mai karatu da Allah ya kai shi Bergama, ya ce wa direba ya tsaya, ya ba gidan ko da awa ɗaya.